Digiri Biyu a Bakin Titikaka

Suka ce, "Rosaura, aikin ba wuya,
ki kai murya inda babu."
Na naɗe taswira na hau Puno,
inda iska ba ta cika huhu,
inda taku goma kan tsani ke sa zuciya dakan sakwara.

A takarda kowane turke fure ne mai kunne uku,
kore a tsakiya, rawaya a gefe, ja inda ya gaji.
Ƙasa dai ba ta karanta takardar ba.
Dutse ya tare, kwari ya haɗiye,
tafki kuwa ba ya riƙe sirri:
abin da ka raɗa a wannan gaɓa
sai ya goya shi, ya kai wa waɗanda ba su tambaya ba.

Na kafa nawa bisa tudun Kollpani,
mita arba'in da biyu, har na ɗauki hoto.
Sati bai cika ba ƙorafi ya ƙetaro ruwa:
sanda huɗu a fuskar waya, magana babu.
Turke biyu na ihu a zango ɗaya,
wayar Fermín Huanca cikin kwale-kwale
ta rasa wa za ta amsa wa,
kamar yaro tsakanin manya biyu, kowa da aikensa.
Dambu ya yi yawa, bai ji mai ba.

Sai na hau,
igiya a ƙugu, sanyi na cizon yatsu ta cikin safa.
Na sunkuyar da kan eriya digiri biyu.
Biyu tak. Ko kaurin tsinke bai kai ba.
Tsallake ya sami lafiya,
masunta suka yi cinikin kifi tun ba su sauka ba.

Amma a bayan tudu akwai gida bakwai.
Na san su.
Na ci busasshen dankalinsu, na ɗumama hannu a murhunsu.
Akwai Eusebia Ticona,
ɗanta na ramin zinariya can kusa da ƙanƙara,
ranar Lahadi kaɗai yake kira.
Digiri biyun nan sun share ƙofarta daga kore.
Yanzu sai ta hau katangar garken tumaki,
ta ɗaga waya sama kamar mai gwada iska.

Ta ce, "Injiniya, muryar ɗana ta yi ƙaura.
Wa ya kore ta?"
Na ce lissafi ne.
Ta dube ni, ta ce, "Lissafin yana da hannu?"

Daren nan a masauki bargo ya yi mini gajarta,
na rufe kai, ƙafa ta fito.
Na tashi na kunna kwamfuta.
Na rage ƙarfi, na sauya zango, na karkata gabas,
kowace kyauta da wanda zai biya.
Ƙaramin turke a kwarin? Ofis ya ce sai baɗi.

Da safe na sake hawa
na mayar da rabin digiri.
Fermín zai ji ɗan ƙaiƙayi a kunne idan ya wuce tsibiri,
zai zage ni bai san sunana ba.
Eusebia za ta sami sanda ɗaya
idan ta tsaya hagu da ƙofa, kusa da tulu.

Yau Asabar.
Motata ta tafi ban shiga ba.