Mai Fasawa

Shekara goma sha tara na yi a masana'antar tangaran ta Ilhavo,
in kofi ya suɓuce mini, a albashi ake cire shi.
Yau ga ni a Jami'ar Aveiro, furfura ta game kai,
ana biyana in fasa.

Da safe Graciete takan kawo su a tire,
sanduna talatin, farare sol, ba su kai ɗan yatsa ba,
kwana biyu suna tanderu, cikin wutar da ke narkar da ƙarfe.
Zirkoniya, in ji ta. Ni dai yumɓu nake gani
wanda ya yi karatu.

Nakan ɗora ɗaya bisa ƙafa biyu,
na'ura ta sauko da yatsunta a hankali
kamar mai taɓa goshin majinyaci.
Tsit. Lamba na hawa.
Ɗari takwas. Ɗari tara.
Ƙas!
Ba lanƙwasa, ba kashedi.
Ƙarfe yakan rusuna kafin ya faɗi,
wannan a tsaye take mutuwa.

Uwa ɗaya, tanderu ɗaya,
amma ta bakwai tun a ɗari shida ta karye.
Graciete ta sa gutsuren ƙarƙashin madubi, ta yafuto ni:
"Senhor Custódio, zo ka ga ɓarawon."
Ɗan rami ne, ƙwayar gishirin gaɓar tekunmu ta ninka shi ɗari,
iska ce ta maƙale ranar da aka danne hodar.
Daga nan tsagar ta ɗauki hanya.

Sai ta nuna mini abin da ya bi ni har gida:
in tsaga ta kunno kai,
ƙwayoyin da ke bakin hanyarta kumbura suke yi,
su matse ta, su tare mata gaba,
ba wanda ya aike su.

Da yamma na hau keke na bi gefen ruwa,
masu kwale-kwale na ɗaure igiya.
Benvinda na nan inda na bar ta,
ƙugu ya raba ta da hawa bene tun bara.
Likita ya ce a watan Maris za a sa mata sabuwar gaɓa,
farar ƙwallo, dangin waɗanda nake karyawa.

Ta ce, "Nawa ka fasa yau?"
Na ce, "Talatin."
Ta gyara zama, ta cije leɓe.
"To, gobe ka ƙara.
Gara su fashe a hannunka."