Faifan Tagulla

A bene na uku, can kan tudun Valparaiso,
Ximena ta shimfiɗa tsohuwar jarida,
ta kwance faifan tagulla daga gangunan mahaifinta.

Ɗigon man goge ƙarfe a tsumma.
Ba a dirza shi kamar gindin tukunya,
sai a bi zoben a hankali, zagaye bayan zagaye,
a ɗauraye, a tsane kafin iskar teku ta lasa.

Tsumma ya yi baƙi ƙirin:
hayaƙin mashaya, gumin shekara talatin.

Marigayi Eleuterio kan ce
dauɗar nan ita ce muryar faifai,
wanda ya wanke tas ya kori amo.

A gefe, inda yake damƙewa ya kashe ƙara,
ga sawun babban yatsa, kore-kore.
Ta kewaye shi.
Ta ƙwanƙwasa da farce,
ta kasa kunne.