Gwangwanin Aji Huɗu

Ranar Laraba, bayan an dawo tara,
na ɗora gwangwanin madara a kan tebur,
wanda tsatsa ta fara ci wa baki.
Na yayyaga tsohuwar rajista, na raba:
"Kowa ya rubuta abin da yake tsoro.
Ban da suna, ban da leƙen na kusa."

Talata Mafara, aji huɗu,
yara sittin da uku, benci goma sha ɗaya.
A na ƙarshe Luba take zama,
wadda ta zo mana daga ƙauye da kaka.
In ɗan acaba ya wuce bayan katanga
sai dai a zaro ta daga ƙarƙashin benci.
Sahabi ya gano haka.
Ya iya kukan babur da leɓɓansa,
har da canjin giya.
Sau biyu na zane shi,
bulalar ta tsaya a fata.

Na girgiza gwangwani, na ce kowa ya ɗauka,
ya karanta da bakinsa kamar nasa ne.

"Ina tsoron kunama a cikin takalmi."
Dariya.
"Ina tsoron lissafin rabawa."
"Ina tsoron karen gidan mai unguwa."
Har ni sai da na dara.

Hajaru ta miƙe, tana bin baƙi da yatsa:
"Ina tsoron tarin babana da dare.
In ya yi shiru kuma, na fi jin tsoro."
Ban ɗaga kai ba.
Na san wannan rubutu mai karkatar kaza,
na san wanda ya ƙura wa yatsun ƙafarsa ido.

Da layi ya zo kan Sahabi
ya warware tasa, ya gyara murya:
"Ina tsoron babur.
A kansa suka zo, muna shanyar barkono.
Yayana..."
Nan harshe ya ƙi.
Ya sake gwadawa, maƙoshi ya ƙi.
Har tsakar da ke jikin allo an ji motsinta.

Ba ni na shirya haka ba.
Ko da ni ne, ba zan faɗa ba.
Ban yi wa'azi ba, na ce a fito da littafin Hausa.

Alhamis, wajen sha ɗaya,
ga ƙara tana tahowa daga hanyar Bakolori.
Kafaɗar Luba ta fara sauka.
Sai Sahabi ya buga benci, ya kware baki:
"Bakwai sau ɗaya, bakwai!"
Aji ya ɗauka gaba ɗaya, kwano na amsawa,
har babur ya wuce ba wanda ya ji shi.

Bakwai sau takwas, suka ce hamsin da huɗu.
Alli na hannuna.
Na bar shi sai gobe.