Ƙofar Allura

Ni agogo nake gyarawa, ƙarƙashin gadar Obalende,
inda danfo ke tofa hayaƙi bisa teburina.
Ran Talata Saje Barau ya zo, yana dogara sanda,
ya ce, "Ilu, ara mini idonka,
nawa ya riga ni yin ritaya."

Muka nufi ƙungiyar masu harbin takarda, can bayan Ikeja.
Mai gadi ya rubuta sunana, ya buɗe kwaɗo uku.
Ɗakin na warin mai da laima.
Ga ta kwance kan tsohon bargo,
bindigar gwanjo, ta girmi ubana.
Katakonta ya yi baƙi da gumin waɗanda ba mu sani ba,
wani ya ƙarce harafi biyu a gindinta da wuƙa,
iskar teku ta lasa mata tsatsa a wuya.

Saitinta na asali tsagi ne kawai, kamar wushirya.
An yi shi don saurayi mai haki cikin daji,
wanda ba ruwansa da tsakiya, ƙirji yake nema.
Saje ya ce, "Wannan kasuwa ta watse.
Yanzu baƙin ɗigo muke bi, bai fi kwabo ba,
ba shi da uwa, ba mai yi masa kuka."

Ya kwance bakin hankici. Sabon saiti,
ɗan faifai mai huda kamar ƙofar allura,
da maɓalli biyu masu cewa ƙas, ƙas,
ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na dama da hagu.
Fanshon wata biyu ya ci.
Na sa madubina a ido, na kama aiki.
Tsohon ƙarfe ba ya son baƙo,
sai da lallashi, da ɗigon mai, da magagari,
kamar mai ba wa kaka magani.
Noti ɗaya ya suɓuce, daidai nan aka ɗauke wuta.
Ni da Saje a durƙushe, da fitilar waya,
muna lalube ƙasa kamar kaji,
yana zagin janareto da Yarbancin bariki.
Cikin takalminsa muka same shi.

La'asar muka fita fili, hadari na haɗowa daga Legas ta ruwa.
Ya kwanta rub da ciki, gwiwoyinsa na ƙara.
Harbi uku, duk sun taru ƙasa, ta hagu.
"Murɗa huɗu." Na murɗa. "Ƙara biyu."
Ya sake leƙawa,
sai ya daɗe.
Yatsansa na kan kunama, bai ja ba.
Jirgi ya wuce ta kanmu, wani ya biyo shi.

Na ce, "Saje, ko hudar ta yi ƙanƙanta?"
Ya ce, "A'a. Komai ya fito tar.
Ina ganin har kusar da ta riƙe takarda.
Shekara hamsin ina gode wa wancan tsagi,
don ban taɓa sanin ko na samu ba.
An ce harba, na harba. Duhu ya riƙe sauran."

Yayyafi ya fara taɓa ƙarfen.
Ya share fuska da hula, ya ja numfashi,
ya saki rabi, ya riƙe rabi.
Biyar ya saka, tafin jariri zai rufe su.

Bai biya ni da kuɗi ba, takardar ya naɗe mini,
da wani agogon soja da ya tsaya a ƙarfe tara.
Takardar na liƙe a jikin akwatina.
Da safe rana kan bi ta hudojin nan biyar
ta sauka kan hannuna.
Agogon kuwa yana aljihun tebur.
Na buɗe shi sau biyu, ba abin da ya karye,
har yau ban ɗaura masa wani ba,
shi ma bai zo tambaya ba.