Basilla

Ɗinkin buhu nake yi a kasuwar Kamba,
ƙarƙashin rumfar Kakale, daura da ma'auni.
Shekara ashirin da ɗoriya basilla na hannuna,
ta huda algarara, ta huda leda,
ta huda babban yatsana har ya daina jini.
Ba a gaya min inda hatsi ya fito,
bakin buhu kawai ake miƙo min.

Wata Lahadi rediyon mai shayi ya ce
manya sun zauna can nesa, sun rattaba hannu,
an sassauta kuɗin fito,
kaya za su riƙa tsallake iyaka
yadda balbela ke yi, ba takarda, ba tambaya.
Muka ce madalla, muka kurɓi shayi.
Arzika ne kaɗai bai ɗaga kofinsa ba.

Kafin wata ya mutu sai ga ta,
fara tas, ba tsakuwa, ba ƙaiƙayi,
cikin buhu mai hoton giwa
da rubutun da ko malamin makaranta ya kasa.
Na juya bakin buhun, na bi shi da yatsa.
Inji ne ya ɗinka.
Wallahi ɗinkin ya yi kyau.

Daren nan Tumba ta auna kwano cike,
ba ta shafe kansa ta mayar da saura ba.
Yara suka ci har ƙaramin ya yi barci
da loma a hannu.
Ni ma na ci, na ƙara,
ba zan yi wa cikina ƙarya ba.

Amma Arzika wan Tumba ne.
Buhu goma sha biyu ya kawo daga fadamar Dole Kaina,
shanshera mai ƙamshin laka da rana.
Dillali ya soka hannu, ya watsa a baki,
ya faɗi kuɗin da bai kai na taki ba,
balle fetur ɗin da injin ban-ruwa ya sha
tun daga dashe har fitar kai.
Arzika ya ce, “Maimaita.”
Ya maimaita.

To, an ce ƙofar gaba da baya take buɗewa.
Kakale ya yi lodin albasar Aliero,
ni na ɗinke ta, buhu ɗari da bakwai,
ya nufi kudu yana lissafin sefa.
Shinge tara ya ƙirga,
kowane da ganga, da katako mai ƙusa,
da mutumin da bai ji rediyo ba.
Kwana goma sha ɗaya.
Albasa ta gaji da jira, ta yi tsiro,
ta zuro koren harshe ta tsakanin ɗinkina.
Da ya dawo ni na farke abin da na ɗinka.
Ba a biyan kuɗin farka.

Ban san boko ba,
ban san girman teburin da suka zauna ba,
ko akwai mai kaushin hannu a cikinsu.
Abu ɗaya na sani:
leɓe biyu ne da bakin buhu.
In ka ja ɗaya ka saki ɗaya
ɗinki zai tafi, har a yaba maka,
sai an ɗora wa jaki
ka ga hanya ta yi fari, kaji na bin ka.

Jiya Arzika ya sayar da injin.
Ya biya mai taki, ya biya mai fetur,
abin da ya rage ya miƙo min,
rabin buhu, na iri ne, in ji shi, ko Allah zai sa.
Rabin buhu ya fi wuyar ɗinki,
wuyansa langaɓewa yake.
Na naɗe shi sau uku,
na sa zare riɓi biyu.
Ya laluba aljihu, na ce bari.

Da yamma Tumba ta aiko yaro
wai in taho da kwano biyu na mai giwa.