Bokiti na Uku

Ni ba likita ba ce.
Nawa tsumma ne da bokiti mai taya,
da daɓen ɗakin gaggawa a wani asibitin Vigo,
daga sha ɗayan dare har kukan jirgin ruwa na farko.
Abin da ciki ya ƙi, ni ake kira wa.

Uku saura kwata suka shigo da Telmo,
takalman robarsa na ɗigar ruwan ƙanƙara,
ƙarnin kasuwar kifi na biye da shi.
Shekara ashirin da shida.
Ƙwayar idonsa ta buɗe kamar bakin rijiya,
gumi na tsiyaya daga haɓarsa,
alhali ruwa ake a waje, kowa na rawar ɗari.

Amai na farko, miyar dankali da giyar daren.
Na goge.
Na biyu, ruwa kore-kore, ɗaci zalla.
Na goge.
Uwarsa Dosinda ta tallafe masa goshi tana cewa
kifi ne ya lalace,
ai tun yana goye cikinsa ba ya son wargi.
Ba wanda ya tanka mata.

Likita Sabela ta duƙa daidai kunnensa:
"Yaushe ka shaƙa? Ni ba 'yar sanda ba ce."
Ya ɗaga yatsu biyu.
Awa biyu ne, layi biyu ne, shekara biyu ne,
bai samu numfashin faɗa ba.

Ina matse tsumma na ji ta da ɗalibinta:
hodar iblis ba ta tsayawa a hanci.
Jijiyoyin jini take shaƙewa, kamar an taka tiyo.
Zuciya na gudu, hanya ta tsuke,
tumbi da hanji na can ƙasa suna jiran rabonsu,
shiru kake ji.
Cikin da aka hana jini ba ya kai ƙara wurin kowa,
juyo da abin da aka ba shi yake yi.
In ta tarar da giya kuwa,
hanta ta dafa musu guba ta uku
wadda ta fi iyayenta daɗewa a jiki.

Amai na uku ban goge ba.
Baƙi ne, kamar diddigar gahawa a gindin tukunya.
Shekara sha tara ina kallon ƙasa,
na san wannan launi.
Na jingine sandata, na kira likita da sunanta tsura.
Tayoyin gado suka bi ta kan inda na share,
ƙofar tiyata ta haɗiye shi.

Dosinda ta zauna da rigar sanyinsa a cinya.
Hannunta ya shiga aljihu neman makulli,
ya fito da 'yar takarda a ninke, mai farin baki.
Ta daɗe tana kallonta.
Ba ta yi kuka ba.
Ta ce da ni, "Baiwar Allah, ina ake zuba shara?
Ya ce mini aikin dare ne ya hana shi cin abinci.
Ni kuma na yi ta ƙara masa miya."

Tumbin ne ya huje, in ji su, sun ɗinke.
Ko zai koma mata, wannan ba a ɗinke shi.

Gari ya waye, tsuntsayen teku na faɗa a kan rufi.
Can a tasha wani na ɗaukar akwatunan da ya bari.
Ya farka yana roƙon ruwa, an hana.
Sai aka ba uwar ƙanƙara ɗan gutsure
ta shafa masa a leɓe,
shi da yake sungumar ta buhu-buhu kowane dare.

Na zubar da bokitin,
na tari sabon ruwa.
Gado na shida ma ya fara yunƙuri.