Komar Anselmo

Shekara goma sha tara rabona da durƙuso a nan.
Katakon bai daina ƙara ƙarƙashin gwiwa ba.
Bayan ragar taga Fada Horácio na tari,
ƙarnin kifi ya biyo ni har coci.

"Ni na yanke komar Anselmo, Fada,
daren da tekun Nazaré ya fusata.
Har ya mutu yana miƙo mini taba."

Shiru ya daɗe.

Ya zana gicciye a iska:
"Allah ya yafe maka.
Matarsa kuwa tana nan, can gangare."

Na fito, rana ta kashe mini ido,
ƙirjina kamar kwalekwalen da aka kwalfe wa ruwa.
Na sayi burodi biyu.
Ƙofar Graciete shuɗiya ce.
Na daɗe tsaye kafin na ƙwanƙwasa.